Zanen Fuska da Kirari: Hanyoyi Biyu na Adana Sunan Mai Mulki

A watan Fabrairu na 1903, watan da sojojin Lugga suka ci birnin Kano, wani gwanin zane Ba'amurke mai suna John Singer Sargent ya shiga fadar shugaban Amurka domin zana Theodore Roosevelt da fentin mai. A wancan zamani irin wannan zane alama ce ta isa. Sai mai mulki ko mai dukiya ke iya biyan gwani ya yi kwanaki yana duban fuskarsa yana shafa launi a kan ƙyalle, kamar yadda attajirin man fetur Rockefeller ya yi da shi Sargent ɗin a 1917. Abin da suke saye shi ne kada a manta da su.

Sarakunan ƙasar Hausa ma suna da wannan buƙata, amma ba su danƙa ta ga mai zane ba, domin malamai sun ƙyamaci suranta mai rai. Maroƙa da makaɗan fada su ne suka riƙe aikin. Kirari yakan faɗi asalin sarki da halinsa da yaƙoƙinsa, alhali kuwa amawali ya rufe rabin fuskarsa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a 1906 ya kuma ziyarci Ingila a 1921, kyamara ce ta adana mana kamanninsa, amma bakin maroƙa ne ya adana girmansa.

Bambancin hanyoyin nan biyu ya fito fili a Jibiya. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta raba Katsinawan Katsina da 'yan'uwansu na Maraɗi, zuriyar sarakunan da suka yi ƙaura bayan jihadi. Hoton shugaban ƙasa da ake ratayawa a ofishin kwastan ɗan gadon al'adar Turawa ne, kuma ikonsa ya tsaya a bakin shinge. Kirari kuwa yakan tsallaka ba tare da fasfo ba.

Sai dai ƙyalle yakan yi ƙarni a jikin bango, shi kuwa kirari yakan bi maroƙi kabari. Zanen Roosevelt yana nan a fadar Washington. Mu kuwa, in ba mu rubuta abin da ya saura a bakin tsofaffin maroƙa ba, jikokinmu za su gāji fuskokin sarakuna ba tare da labarinsu ba.