Haramcin Hajijiya a Tsofaffin Jiragen Shawagi

Tun farkon zamanin jirgin sama babu abin da matuƙa ke tsoro kamar hajijiya, wato jirgi ya rage gudu har iska ta saki fiffikensa guda alhali tana riƙe da ɗayan, ya sunkuyar da hanci ya kama juyawa yana gangarowa ƙasa. An daɗe ana lissafa ta cikin ajali, sai a watan Agusta na 1912, sa'ad da wani hafsan sojan ruwa na Ingila, Wilfred Parke, ya afka cikinta a Larkhill, ya karkata linzamin wutsiya zuwa kishiyar juyin, Allah ya kuɓutar da shi, mutane kuma suka gane ashe cutar tana da magani.

Jiragen shawagin da muke magana a kansu kuwa, a Jamus suka fi yaɗuwa. Da yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta ɗaure wa Jamusawa hannu a sha'anin jirage masu inji, sai samarinsu suka koma kan dutsen Wasserkuppe, inda aka yi gasa ta farko a 1920, suna ƙera jirage masu dogayen fukafukai waɗanda iska kaɗai ke ɗauka. Daga bisani aka ga wahalar neman mai jan su zuwa sama kullum, aka ɗora musu ƙaramin inji, har Egon Scheibe ya fito da Falke a 1963: gangar jiki ta bututun ƙarfe, fukafukan katako lulluɓe da yadi, mutum biyu kafaɗa da kafaɗa. Kamfanin Slingsby ma ya ƙera shi a Ingila.

To, a nan mas'alar take. Wanda ya shiga da yawa daga irin waɗannan jirage zai tarar da ɗan allo manne gaban matuƙi, an rubuta iyakar gudu da iyakar nauyi, an kuma haramta shiga hajijiya da gangan, alhali jirgin Fournier RF-4D, wanda zamaninsu ɗaya, an halatta masa wasan alkafura. Jahili sai ya ce muguwar ƙira ce, amma hakikanin al'amari, hukuma ba ta halatta sai abin da aka jarraba aka kawo mata hujja a kansa, jarrabawar kuwa tana cin kuɗi, tana iya cin rai, ƙaramin kamfani kuma sau da yawa yakan gwammace ya karɓi haramcin ya huta. Ban da haka akwai illa ta zahiri: nauyin inji a hanci da tsawon fukafukai sukan sa juyin ya yi jinkirin tsayawa, idan nauyi ya rinjaya baya jirgin ya kwanta ya ƙi jin linzami, in ma ya tsaya, jirgin da ba ya tokarar iska nan da nan yake kusantar gudun da zai karya shi.

A 1980 ƙasashen Turai suka haɗu kan ƙa'idar JAR-22, wadda ta iyakance irin wannan jirgi ga mutum biyu da kilo 850, amma tsofaffin sun ci gaba da tashi bisa sharuɗɗan takardunsu na asali. Shekaru kuwa ƙara tsananta sharuɗɗan suke yi, domin kowane faci da kowane fenti nauyi ne, mannin katako kuma yana jin danshi. Shi ya sa mai duba lafiyar jirgi yakan ɗora shi bisa ma'auni lokaci-lokaci, in ya tarar ya yi ƙiba ya rage abin da aka yarda ya ɗauka, ya sake rubuta allon.