Tabutu: Tarihin Neman Akwatin Alkawari

Tabutu, ko Akwatin Alkawari a bakin Kiristocin Hausa, shi ne mafi tsarki cikin kayan ibadar Bani Isra'ila. Attaura ta ce akwatin katako ne da aka dalaye da zinariya ciki da waje, tsawonsa kamu biyu da rabi, ana ɗaukarsa da sanduna, kuma allunan Annabi Musa (AS) na cikinsa. Aya ta 248 ta Suratul Baƙara ta ambace shi a matsayin alamar sarautar Ɗalutu.

A haikalin Annabi Sulaimanu (AS) da ke Ƙudus aka ajiye shi. Da Bukhtanasar, sarkin Babila, ya rushe haikalin wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an lissafa ganimar da aka kwashe, babu Tabutu a ciki. Daga nan zance ya rarrabu. Wata ruwaya ta ce Annabi Irmiya ya ɓoye shi a kogon dutsen Nebo, a Jodan ta yau. Malaman Yahudawa da dama sun ce yana binne ƙarƙashin haikalin. Habashawa kuwa sun ce sarkinsu Menelik na Farko ya kai shi ƙasarsu, yana Aksum, kusa da cocin Maryam ta Sihiyona, inda mai gadi ɗaya tak ke ganinsa. Ba a barin masu bincike su duba.

Ruwaya ta biyu ce ta fi jawo fitina, domin filin da ake nufi shi ne harabar Masallacin Ƙudus. A 1909 wani Baturen Ingila, Montagu Parker, ya fara haƙa a Silwan, kusa da harabar, bisa da'awar wani ɗan Finlan, Valter Juvelius, cewa ya warware lambobin sirri a littafin Ezekiyel. Shekara biyu ana tono, ba a samu abin da ake nema ba. A watan Afrilun 1911 Parker ya ba shehin da ke kula da masallacin toshiyar baki, mutanensa suka sa kayan Larabawa, suka shiga haƙa da daddare ƙarƙashin Ƙubbatus Sakhra da ke cikin harabar. Wani mai gadi da ba a sa shi cikin shirin ba ya gan su, ya kwarmata. Gari ya yamutse, ga shi lokacin bikin Annabi Musa ne, Ƙudus cike da masu ziyara. Parker ya gudu Jaffa ya hau jirgin ruwa, Daular Usmaniyya ta yi bincike, gwamnan Ƙudus ya rasa kujerarsa.

Har yau masana kimiyyar tono ba su da wata shaida a hannu, amma hakan bai sanyaya gwiwar masu nema ba, don wasu Yahudawa da Kiristoci na ɗaura samun Tabutu da sake gina haikali a wannan fili, abin da Musulmi ke kallo a matsayin barazana ga masallacin. A 1981 limamin Yahudawa na Bangon Yamma, Yehuda Getz, ya buɗe wata tsohuwar ƙofa ta ƙarƙashin ƙasa ya nufi harabar masallacin. Ma'aikatan waƙafi suka ji ƙarar tono, aka yi arangama, gwamnatin Isra'ila ta sa aka toshe ƙofar da siminti.