Bolt, amfiya da wat: Yadda mazauna Dutsen Abba za su lissafa wutar da suke sha da kansu

A Dutsen Abba da sauran unguwannin Zariya, ƙorafi biyu ne suka fi yawa game da lantarki: wuta ta zo ba ƙarfi, sannan takardar kuɗin wuta ta zo da nauyi. Dukkansu ana iya auna su da lissafin da bai wuce ninkawa da rabawa ba. Duk wanda ya iya shi, zai tunkari kamfanin Kaduna Electric, mai rarraba wuta a jihohin Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara, da alƙaluma a hannu.

Ma'auni huɗu

A ɗauki lantarki tamkar ruwan famfo. Bolt shi ne ƙarfin da ke tura ruwan, kuma ƙa'idar gidaje a Najeriya bolt 230 ne. Amfiya ita ce yawan abin da ke gudana a cikin waya. Turjiya kuwa, wadda ake aunawa da om, ita ce matsin bututun da ke tauye gudun. Wat shi ne yawan aikin da wutar ke yi a kowace daƙiƙa.

A 1827 masanin nan Bajamushe Georg Simon Ohm ya wallafa ƙa'idar da ta haɗa ukun farko: idan aka raba bolt da amfiya, turjiya ce ke fitowa. Ƙa'ida ta biyu ita ce, idan aka ninka bolt da amfiya, ana samun wat. A kayan da ke da inji, irin su fanka da firji, ainihin wat ɗin kan yi ƙasa da wannan sakamakon kaɗan.

Misalin dutsen guga

A jikin dutsen guga akwai rubutun da ke nuna ƙarfinsa, misali wat 1,000 a kan bolt 230. A raba 1,000 da 230, za a ga yana jan amfiya 4.35. A sake raba 230 da 4.35, turjiyarsa ta kama om 53.

Yanzu a ce wuta ta faɗi zuwa bolt 160, kamar yadda kan faru da magariba idan nauyi ya yi wa taransfoma yawa. Turjiyar dutsen gugar tana nan yadda take, don haka zai ja amfiya 3 kacal. A ninka 160 da 3, an samu wat 480. Ƙarfin wutar ya ragu da kashi 30 cikin ɗari, amma zafin gugar ya ragu da fiye da rabi. Shi ya sa tela ko mai wanki da guga kan ɓata dare a kan aikin awa ɗaya.

Firji da injin jan ruwa nasu ya fi muni. Idan bolt ya sauka, injin kan ƙara jan amfiya domin ya ci gaba da juyawa, wani lokaci ma ya kasa tashi, wayoyinsa su yi ta zafi har su ƙone.

Abin da ke narkar da waya

Ita ma waya tana da turjiyarta. Zafin da take fitarwa ana samunsa ne ta ninka amfiya da kanta, sannan a ninka da turjiya. Wayar da ke da rabin om, idan amfiya 10 ta bi ta cikinta, wat 50 ke zama zafi. Idan amfiya ta kai 20, zafin ya koma wat 200, wato ninki huɗu. Siririyar waya ta fi kauri turjiya, haka ma haɗin da bai ɗauru da kyau ba. Wannan ne dalilin da ya sa ɗora hita da dutsen guga a kan soket ɗaya, ko jan wuta ta bayan fage da wayar da ba ta dace ba, ke haddasa gobara.

Daga wat zuwa naira

Abin da mita ke ƙirgawa shi ne yunit: wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. A ɗauki gida mai ƙwan fitila biyar na wat 10 da ke ci awa shida (300), fanka biyu na wat 70 na awa takwas (1,120), talabijin na wat 80 na awa biyar (400), da guga na rabin awa (500). Jimilla 2,320, wato yunit 2.32 a rana, kusan yunit 70 a wata, idan an samu wuta kullum.

A watan Afrilun 2024 hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin yunit na rukunin A zuwa naira 225, kafin a rage shi zuwa naira 206.80 a watan Mayu. A farashin Afrilun, yunit 70 zai kama naira 15,750, ban da harajin kashi 7.5 cikin ɗari. Sharaɗin rukunin A shi ne wutar awa 20 a rana ko fiye. Rukunin B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Sauran rukunonin farashinsu bai kai na A ba.

Me ya rage ga mai biyan kuɗi?

Gidan da ba shi da mita ana yanka masa kuɗi ne bisa kiyasi. Tun watan Fabrairun 2020 NERC ta sanya iyaka ga yawan yunit ɗin da za a iya ɗora wa irin wannan gida, kuma a Fabrairun 2024 ta ci tarar kamfanonin rarraba wuta naira biliyan 10.5 saboda ƙetare iyakar.

Don haka a riƙa rubuta awannin da aka samu wuta kowace rana, a lissafa wat ɗin kayan gida, a kwatanta da yunit da rukunin da ke jikin takarda. Idan tazarar ta yi yawa, ana fara kai ƙorafi a rubuce ga sashen sauraron koke na kamfanin. Idan ba a warware ba, sai a wuce zauren sauraron ƙorafi na NERC.