Zaren Ulu Da Hirar Dare: Yadda Saƙar Hunturu Ta Raini Adabin Ƙasar Ayislan

Duk shekara, da zarar hunturu ya kankama, ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa yakan sauya kama. Malamai mata sukan zo da ƙullin zaren ulu a jaka, wannan da kwarashi, waccan da kibiyoyin saƙa. Idan an fita tara sai su haɗa kujeru a lungun da iska ba ta kaiwa. Wata tana saƙa hular jariri, wata safa, wata kuma tana warware aikin jiya domin 'yar'uwarta ta nuna mata inda ta ɓata ƙirga. Abin da na lura da shi shi ne, ba a yin wannan zama shiru. Hannu yana aiki amma kunne a sake yake, don haka ba a rasa mai ba da labari ko mai karanta musu wani abu. Wannan ne ya tuna mini da tarihin wata ƙasa mai nisa, wadda irin wannan zama ya riƙe mata harshenta da adabinta shekaru ɗaruruwa. Na ga ya dace in kawo wa 'yan'uwa marubuta wannan tarihi, domin akwai abin da ya shafe mu a cikinsa.

Ƙasar da mutanenta

Ayislan tsibiri ne a can arewacin Tekun Atalantika. Mutanen Norwe ne suka fara zama a cikinsa wajen shekarar 874, suka kafa majalisarsu a 930. A 1262 suka shiga ƙarƙashin sarkin Norwe, daga baya mulkinsu ya koma hannun Danmak, ba su zama jamhuriya mai cin gashin kanta ba sai ranar 17 ga Yuni, 1944. Hunturunsu ba irin namu ba ne. A watan Disamba hasken rana a Reykjavik, babban birninsu, na awa huɗu zuwa biyar ne kawai, sauran duk duhu ne da iska da ƙanƙara. Hatsi ba ya yi sosai, itatuwa kuma kaɗan ne, saboda haka rayuwarsu ta dogara a kan kifi da tumaki. Tunkiya ce abincinsu, ita ce suturarsu, ita ce kuma kuɗinsu, domin a zamanin da, da tsawon ƙyallen ulu saƙar gida ake yanke farashin kaya, da shi ake biyan bashi da tara.

Saƙa da kibiya ba ta iso musu ba sai a ƙarni na 16, ta hannun fataken Turai masu zuwa sayen kifi. Amma da ta zo sai ta bazu gida-gida. A shekarar 1624 kaɗai an fitar da safar ƙafa sama da ƙafa biyu-biyu dubu 72, da safar hannu sama da dubu 12 daga tsibirin. Idan mai karatu ya tuna cewa ƙidayar da aka yi a 1703 ta sami mutum 50,358 ne kacal a ƙasar baki ɗaya, zai gane irin aikin da kowane gida yake yi. Bugu da ƙari, daga 1602 zuwa 1787 sarkin Danmak ya hana su ciniki da kowa sai fataken da ya ba izini. Ke nan safar da aka saƙa a hunturu ita ake kai wa ɗan kasuwa a karɓo gari da ƙarfe da katako. Gidan da bai yi saƙa ba ya kwana da yunwa.

Yadda ake zaman

Gidajensu na karkara da dutse da ɓamɓaren ƙasa mai ciyawa ake gina su. A cikin gidan akwai ɗaki guda dogo da suke kira badstofa, an jera gadaje a jikin bango hagu da dama. A nan maigida da uwargida da 'ya'ya da barori suke ci, a nan suke kwana, a nan suke aiki, domin ɗumin jikin mutane shi ne wutar ɗakin. Idan dare ya yi sai a kunna fitila guda, irin acibalbal ɗinmu, mai aiki da man hantar kifi. Kowa ya zauna a bakin gadonsa da aikinsa a hannu. Wani yana tsefe ulu, mata suna kaɗi, maza da mata da yara suna saƙa, domin a wurinsu saƙa ba aikin mata kaɗai ba ne. Yaro ɗan shekara takwas an riga an ɗora masa nasa kason. Har safar hannu mai babban yatsa biyu suke saƙa wa masunta, idan gefe guda ya cinye da jan kwale-kwale sai a juya ɗaya gefen.

Mutum ɗaya ne kawai ake ɗauke wa aikin hannu. Shi ne yake matsawa kusa da fitila ya buɗe littafi ya karanta da ƙarfi. Wannan zama shi suke kira kvoldvaka, wato hirar dare. Ebenezer Henderson, wani mutumin Sikotilan da ya zauna a ƙasar a 1814 da 1815, ya bayyana zaman a littafin tafiyarsa wanda aka buga a 1818. Ya ce sau da yawa maigida ko wani mai hankali a cikin masu aiki yakan katse mai karatu ya yi sharhi, ko ya jefa wa yara da barori tambaya a kan abin da aka ji. Ya kuma ce akwai mutanen da suka haddace labarai, suna bin gidaje a hunturu, ana ci da su har sai labaransu sun ƙare sannan su yi gaba. Akan rufe zaman da karatun addini da addu'a kafin a kashe fitila.

Aikin yakan tsananta idan Kirsimeti ya gabato, domin a lokacin ake son kai kaya kasuwa, kuma al'ada ce kowane ɗan gida, har bara, ya sami sabon abin sawa, ko da safa ce. Suna da tatsuniyar wani ƙaton muzuru mai cinye duk wanda bikin ya riske shi ba sabuwar sutura. Da shi ake tsorata malalacin yaro, da shi kuma ake tuna wa maigida marowaci hakkin waɗanda suka kwana suna yi masa saƙa.

Me ake karantawa?

Abu na farko shi ne saga, wato dogayen labarai na zube da aka rubuta a kan fatar maraƙi a ƙarni na 13 da na 14, game da kakanninsu da suka fara zama a tsibirin: gabarsu, shari'unsu, aurensu da ramuwar gayyarsu. Mafi shahara shi ne labarin Njal, wani masanin shari'a da abokan gaba suka ƙone a cikin gidansa tare da iyalinsa. Abu na biyu shi ne rimur, dogayen waƙoƙi masu ba da labari waɗanda ake rerawa, sun samo asali tun ƙarni na 14.

To, daga ina talaka yake samun littafi? Injin ɗab'i ya shigo ƙasar wajen 1530, amma yana hannun coci, kusan littattafan addini kaɗai yake bugawa, sai a 1773 aka kafa wata maɗaba'a wadda ba ta coci ba. Saboda haka manoma suka riƙa aron littafi daga maƙwabci, su kwafa da hannu a hunturu, su mayar. Ba su daina ba har farkon ƙarni na 20. Alal misali, wani manomi mai suna Magnus Jonsson na Tjaldanes, wanda ya rayu daga 1835 zuwa 1922, ya kwafi labarai da hannunsa har juzu'i 20. Masu sauraro ne suke jira.

Hukuma ba ta yi maraba da wannan ɗabi'a ba. A 1746 sarkin Danmak ya kafa doka da ta wajabta wa iyaye su koya wa yara karatu a gida, limaman coci kuma su riƙa zagayawa suna gwada su. Manufar ita ce karatun addini, dokar ma ta yi tir da labarai da waƙoƙin da take gani marasa amfani ne. Amma yaron da ya iya karanta littafin addini ya iya karanta saga. Kafin ƙarshen wannan ƙarni kusan kowa a ƙasar ya iya karatu, alhali ba a kafa dokar ilimin tilas ta makaranta ba sai a 1907. 'Yan boko ma sun yi nasu sukan. A 1837 mawaƙi Jonas Hallgrimsson ya rubuta zazzafan sharhi a mujallar Fjolnir yana cewa rimur ba su da inganci, suna ɓata wa jama'a ɗanɗano. Wanda ya san muhawarar da aka tafka a kan littattafan soyayya na Kano a shekarun 1990 ba zai ji wannan baƙo ba. Duk da haka masu saƙa suka ci gaba da neman a rera musu rimur, domin kiɗan waƙar yana tafiya da hannu, yana kuma korar barci.

Shekarun wahala

Kada mai karatu ya ɗauka zaman jin daɗi ne. Ɗakin akwai hayaƙi da danshi da cunkoso, bara kuma ba shi da ikon cewa ya gaji. Daga 1707 zuwa 1709 cutar agana ta kashe fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen ƙasar. A watan Yunin 1783 dutsen Laki ya fara aman wuta, bai tsaya ba sai Fabrairun 1784. Gubar da ya watsa a kan ciyawa ta kashe kusan kashi 80 cikin ɗari na tumaki, yunwar da ta biyo baya ta ɗauke kusan kashi ɗaya cikin biyar na jama'a.

Tsofaffin littattafan fata ma barin ƙasar suka yi. Wani masani, Arni Magnusson, ya bi gidaje yana tattara su ya kai Kofanhagan, inda gobarar 1728 ta cinye wani ɓangare na ɗakin karatunsa, ko da yake an tsirar da mafi yawan na fatar. Ba a fara mayar da su gida ba sai ranar 21 ga Afrilu, 1971, aka kammala a 1997. A zamanin da ƙasar take ƙarƙashin Danmak, harshen mulki da na ciniki na Danmak ne. Abin da ya rage a hannun talaka shi ne kwafin takarda da ya sha hayaƙi, da kuma kunnen da ya saba jin tsohon harshe kowane dare. Masana suna lissafa wannan a cikin dalilan da suka sa har yau ɗan makaranta a Ayislan yake iya karanta labarin da aka rubuta shekara 700 da suka wuce, idan an gyara masa ƙa'idar rubutu.

Abin da ya rage

Hirar dare ta fara ja da baya a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, lokacin da injuna suka karɓi aikin ulu, mutane kuma suka bar karkara suka koma garuruwan bakin teku. A Disambar 1930 gidan rediyon ƙasar ya fara aiki, sai akwatin rediyo ya gaji kujerar mai karatu. Amma saƙa da karatu ba su mutu ba. Wajen tsakiyar ƙarni na 20 aka fito da lopapeysa, rigar sanyi mai ado zagaye da wuya wadda ta zama alamar ƙasar, a 1977 kuma masu saƙar hannu suka kafa ƙungiyarsu. Bayan rushewar bankunan ƙasar a 2008 mutane da yawa sun sake ɗaukar kibiya. Ta fuskar adabi kuwa, Halldor Laxness ya ci kyautar Nobel a 1955, da littattafan da ya rubuta cikin harshen da masu jin sa ba su kai mutanen ƙaramar hukuma guda a Kano ba. A 2011 UNESCO ta sanya Reykjavik cikin biranen adabi na duniya. Har yanzu mafi yawan sababbin littattafansu gab da Kirsimeti ake fitar da su, domin littafi yana cikin manyan kyaututtukan da suke yi wa juna a hunturu.

Namu rabon

Mu marubuta mun saba kuka da rashin maɗaba'a da rashin masu saye, kuma kukan yana da tushe. To amma mutanen Ayislan sun yi fiye da shekara 200 injin ɗab'i yana ƙasarsu ba ya kula labaransu, adabin bai mutu ba, domin yana da wurin zama da lokacin zama da masu sauraro waɗanda ba sa jin kunyar katse mai karatu. Labarin da bai iya hana mai saƙa gyangyaɗi ba, ba a sake aron sa, ba a kuma kwafar sa.

A hunturun bara na ɗauki wani gajeren labarina da nake ji da shi, na roƙi malaman nan su bari in karanta musu suna aikinsu. Ina shafi na uku wata daga cikinsu, ba tare da ta ɗaga kai daga kwarashinta ba, ta ce, "Malam, dakata. Babu amaryar da za ta yi wa uwar mijinta magana haka a satin farko." Sauran suka goya mata baya. Abokai marubuta uku sun karanta wannan labari kafin nan, babu wanda ya ga wannan kuskure. Na koma gida na warware shafin kamar yadda suke warware saƙa. Shawarata ga mai sha'awar rubutu ita ce, kafin ya kai aikinsa wurin mai bugawa, ya nemi inda ake saƙa, ko ɗinkin hula, ko ɓarar gyaɗa, ya zauna ya karanta da ƙarfi, ya kuma lura da wurin da aka fara hamma.