Katangar Ƙwayar Tsiro: Tarihin Wani Kuskure Da Gyaransa

Cikin shekarar 1665 wani masani mutumin Ingila, Robert Hooke, ya yanki ɓawon itacen da ake toshe bakin kwalba da shi, ya duba da madubin ƙara girma, sai ya ga 'yan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Katangu kaɗai ya gani, domin masu ɗakunan sun daɗe da mutuwa. Daga nan mutane da yawa suka ɗauka cewa katangar ƙwayar tsiro busasshen gini ce, in an ɗora ta an gama.

Masana sinadarai na Faransa ne suka fara tono kayan ginin. Braconnot ya fitar da fektin a 1825, Payen kuma ya fitar da selulos a 1838. Duka biyun dogayen sarƙoƙi ne na sukari. Zaren auduga kusan selulos ne zalla, yauƙin kuɓewa kuwa dangin fektin ne. Amma sanin tubali dabam, ganin magini kan aiki dabam. Tilas sai an raini ƙwayoyin da ransu cikin kwalba.

Haberlandt ya gwada haka a 1902, ƙwayoyin suka ƙi rabuwa. Sai a 1939 Gautheret da Nobécourt a Faransa, da White a Amurka, suka sami naman tsiro mai ci gaba da hayayyafa ba yankewa. A 1973 Albersheim da abokan aikinsa a Jami'ar Colorado suka zana tsarin katangar daga ƙwayoyin itacen sikamo da aka raina cikin ruwa, ƙwayoyin da ke zubar da waɗansu sarƙoƙinsu cikin ruwan. Shekara guda bayan haka Labavitch da Ray suka ciyar da karan waken Turawa sukari mai alama, suka bi sawunsa, suka tarar sarƙar da ake kira zailogulukan tana kwancewa daga katanga yayin da kara ke tsawo. A 1992 Fry a Edinburgh da Nishitani a Japan suka bayyana sinadarin da ke yanke wannan sarƙa, ya kuma sake ƙulla ta.

Watau dai katangar kamar ginin laka take: selulos shi ne tubalin da ke daɗewa, yaɓen kuwa kullum ana kankarewa ana sabuntawa. Wannan ba zancen ɗakin bincike ba ne kurum. Tumatirin da ke yin laushi a kwando tsakanin gona da kasuwa, fektin ɗin katangarsa ne ke warwarewa. Wanda ke son rage hasarar manomi, lalle ya fara fahimtar wannan aiki.