Daga Yumɓu zuwa Audugar Dutse: Tarihin Shafen Murhun Ƙira

Tun zamanin da, babbar matsalar maƙeri ita ce tsare zafi a wuri guda, don ƙarfe ba ya yin laushi sai wuta ta yi ƙarfi ainun. Masu narkar da tama a gindin Dutsen Dala na Kano da yumɓu suka yi wannan aiki, haka kuma mutanen Taruga tun kafin haihuwar Annabi Isa. Yumɓu yana jure wuta, amma fa yana shan zafi mai yawa kafin ya gasu, gawayi kuwa na ta ƙonewa a banza.

A cikin shekarun 1940 ne masana'antun Amurka suka gano cewa in aka narkar da farin yumɓu, aka hura shi da iska mai ƙarfi, sai ya koma zare kamar auduga. Kamfanin Carborundum ya kira nasa Fiberfrax, na Babcock & Wilcox kuwa Kaowool. Tsadar mai ta 1973 ta yaɗa shi a masana'antu, daga nan ya isa hannun ƙananan maƙeran da ke haɗa murhun gas a gidajensu. Irin wanda aka fi sani yana jure zafi har digiri 1,260.

Sai dai sauƙin bai zo shi kaɗai ba. A 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya wannan zare cikin abubuwan da mai yiwuwa su jawo cutar in an shaƙi ƙurarsa. Kuma hodar boraks da maƙera ke barbaɗawa wajen haɗa ƙarfe da ƙarfe tana cinye shi. Don haka dole a daskarar da shi, a bi shi da shafe mai jure wuta, watau dai a sake rufe shi da dangin yumɓun da aka baro.