Haƙƙin hanya ga gonar da gonakin maƙwabta suka kewaye: bayani ga manoman Kurfai

Idan gonarka ko garkarka ba ta da mafita zuwa hanyar jama'a sai ta cikin gonar wani, kana da haƙƙin wucewa, ko da maƙwabcin bai so ba. Wannan matsala ta yawaita a Filinge da ƙauyukan Kurfai, musamman a cikin kwarin Dallol Boso inda ruwa ke kusa kuma kowa ke neman wurin noman rani. Gandun da a da yake hannun magidanci ɗaya, yau an raba shi tsakanin magada, wasu sun sayar, wasu sun jinginar, wasu sun yi shinge. Wanda rabonsa ya faɗa tsakiya yakan wayi gari ba shi da inda zai bi da jaki, balle amalanken taki.

Me doka ta ce?

Kundin tsarin karkara na Nijar, wato doka mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993, ya tanadi cewa haƙƙin da mutum ya samu bisa al'ada yana da kariya daidai da wanda rubutacciyar doka ta bayar. Saboda haka turbar da iyaye da kakanni suka saba bi zuwa wata gona, kuma dattawa suka shaida ta, ba abin da sabon mai saye zai toshe ba ne don kawai babu ita a takarda.

Dokar zaman jama'a da Nijar ta gada daga Faransa ita ma ta yi bayani a mataki na 682 da na 683. Mai filin da ba shi da mafita yana iya neman hanya ta cikin filin maƙwabtansa, amma zai biya diyya gwargwadon ɓarnar da hanyar za ta jawo. A ƙa'ida ana fitar da ita ta gefen da ya fi kusa da hanyar jama'a, sannan a duba wurin da cutarwa ta fi ƙaranci. Ma'ana, ba kai ne za ka zaɓi inda ya fi maka daɗi ba. Idan gajeriyar hanya za ta ratsa tsakiyar shukar albasa ko ta bi bakin rijiyar maƙwabci, to bin iyakar gona ya fi, ko da zai ƙara maka tafiya.

Ka lura da abu ɗaya da mutane da yawa ke mantawa. Wucewa aka ba ka, ƙasar tana nan ta mai ita. Ba za ka shuka a kan turbar ba, ba za ka faɗaɗa ta da kanka ba, ba kuma za ka bar dabbobinka su ci amfanin da ke gefenta ba. Shi ma mai ƙasar ba shi da ikon toshe ta da ƙaya ko ya nome ta idan damina ta faɗi.

Kada ka haɗa wannan da burtali. Burtali da hanyoyin makiyaya dukiyar jama'a ce a hannun gwamnati ko ƙananan hukumomi, kamar yadda dokar 1993 ta tanada, kuma dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta ƙarfafa. Babu mai biyan diyya don ya bi burtali, babu kuma mai ikon nome shi.

Ina za ka kai ƙara?

Ka fara da maƙwabcin naka, a gaban dattijo ɗaya ko biyu. Mafi yawan irin wannan saɓani a nan yake ƙarewa, domin galibi ƴan'uwa ne ko surukai. Idan ba a daidaita ba, sai ka je wurin maigari, daga nan zuwa fadar sarkin Kurfai a Filinge. Doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sulhu, kuma a rikicin gona dole ne a bi ta hannunsu kafin a je kotu. Ko an sasanta ko ba a sasanta ba, ka nemi a rubuta takardar abin da aka yi. Takardar rashin sulhu ita ce za ka riƙe zuwa wurin alƙali, wanda zai saurari shaidu tare da masanan al'ada da ke zama da shi.

Hukumomin kula da filaye da ake kira Kofo ba sa yanke hukunci. Akwai ta ƙauye wadda maigari ke shugabanta, da ta komin, da ta gunduma a ƙarƙashin prefe. Aikinsu shi ne su je gona, su duba iyakoki, su ba da takardun shaidar mallaka, saye, kyauta, aro, haya ko jingina. A nan ne, a ganinmu, ya fi dacewa a magance matsalar tun ba ta taso ba. Ranar da ake rabon gado ko cinikin wani yanki na gandu, ka nemi a fitar da hanya daga cikin gandun da ake rabawa, kada a ɗora wa maƙwabcin da ba ruwansa da rabon. A rubuta inda ta fara da inda ta ƙare, da faɗinta, da abin da za a bi da shi: ƙafa, jaki ko amalanke. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin turbar da ta isa mutum ɗauke da hauya ba za ta isa amalanken damman gero ba a lokacin kaka, kuma yawancin faɗan daga nan yake tashi.

Mata da suka gaji yanki, da baƙin da suka sayi garka, su ne aka fi toshe wa hanya, saboda ba kasafai suke wurin ba ranar da aka yi alkawarin baka. Idan kina cikinsu, ki tura wakili ko ki je da kanki, ki tabbatar sunanki yana cikin takardar. Bayan an sa hannu, a dasa gamba ko a kafa duwatsu a gefen turbar a gaban shaidu, kuma kowane ɓangare ya ajiye kwafinsa, ɗaya ya zauna a wurin Kofo.